Littafin aiki: ɗigo huɗu a jere, elektiron ɗaya a kowanne

Litinin, 3 ga Maris

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da ke faruwa da na'urar da aka damƙa mini: abin da na yi, abin da ya lalace, da dalilin lalacewarsa idan na gano.

Na'urar ɗigon kwantum huɗu ce a jere. Ɗigo ɗan rami ne na lantarki da ake tsare elektiron ɗaya tak a cikinsa. Ba haƙa shi ake yi ba. Wasu siraran wayoyin ƙarfe ne shimfiɗe a saman cif ɗin, muna ce musu ƙofofi, ƙarfin wutar da aka ba su shi ke jawo elektiron ko ya kore shi. Ƙasa da su da kimanin nanomita 30 akwai faifan silikon mai kaurin nanomita 8, an matse shi tsakanin silikon-jameniyom sama da ƙasa. Nan elektiron ke zama. Kowane ɗigo da ƙofarsa mai ƙara masa zurfi, sannan akwai ƙofofin shinge biyar da ke raba ɗigo da ɗigo, da kuma raba na bakin layi da tafkin elektiron da ke kowane gefe. Tara ke nan, ban da na ɗigon sa-ido guda biyu, waɗanda aikinsu kawai su ji shigar elektiron da fitarsa.

Kyubit ɗin kuwa, wato ƙwayar da kwamfutar kwantum ke lissafi da ita, sifin ɗin elektiron ne. Elektiron tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu yake, a cikin filin maganaɗisu yana iya fuskantar sama, ko ƙasa, ko ya kasance a haɗin biyun; wannan fuskantar ita ce sifin. Daniel Loss da David DiVincenzo ne suka kawo shawarar a yi kwamfutar kwantum da wannan a 1998: elektiron ɗaya a kowane ɗigo na semikondakta, a riƙa juya sifin ɗin kowanne, idan ana son biyu su yi hulɗa a sassauta shingen da ke tsakaninsu. A takarda ke nan. Burina kafin ƙarshen Afrilu in juya kowane kyubit shi kaɗai, in kuma haɗa maƙwabta biyu su yi aikin lissafi ɗaya tare.

Yau na ɗinke cif ɗin da wayoyi a kan allonsa. Na gwada kowane layi, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

Laraba, 5 ga Maris

An ɗaure allo a gindin firji, an rufe gwangwanaye, an zuƙe iska. Sanyaya ta fara da yamma.

Asabar, 8 ga Maris

Na kashe na'urar da hannuna.

Firjin ya sauka lafiya zuwa milikelbin 12, wato dab da ƙarshen sanyi da babu na ƙasa da shi. Wannan firji da cakuɗen hiliyom-3 da hiliyom-4 yake aiki. Idan sanyi ya kai ƙasa da kelbin 0.87 cakuɗen yana rabuwa gida biyu, famfo na jan hiliyom-3 ya tsallaka iyakar da ke tsakaninsu, wannan tsallakawa ce ke kwashe zafi. Kwana biyu da rabi yake ɗauka kafin ya kai ƙasa, kwana biyu kafin ya dawo zafin ɗaki. Shi ya sa duk kuskuren da zai sa a buɗe shi yana da tsada.

Da safe na fara kunna ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Komai na tafiya daidai, sai na lura layin ƙofar shinge ta biyu yana kan tashar da ba tasa ba a akwatin rarraba wayoyi. Ƙa'idar ita ce kafin ka zare kowace waya ka mayar da wutarta sifiri, ka murɗa makunnin da ke haɗa layin da ƙasa, ka ɗaura igiyar hannu mai sauke wutar da jiki ke tarawa. Na yi na farko, na yi na uku, na tsallake na biyu. Da na mayar da wayar na ba ta rabin bolt, sai ga wuta na zuba daga wannan ƙofa zuwa ƙofar ɗigo na biyu. Ƙofofin hawa uku ne, wani a kan wani, abin da ya raba su fatar oksid ce ta 'yan nanomita kaɗan. Tartsatsin da mutum ba zai ma ji a yatsarsa ba ya isa ya huda ta. Da zarar ta huje ƙofa biyu sun zama ɗaya, babu kuma yadda za a gyara a cikin sanyi.

Na zauna kusan awa guda ina sake aunawa, ko Allah zai sa matsalar a waya take ba a cif ba. A cif take. Na sanar da Farfesa da kaina kafin ta gani a allo. Ba ta yi faɗa ba, ta ce in rubuta matakan a takarda in manna a jikin akwatin. Na manna.

Asarar yau: na'ura ɗaya cikin biyar masu kyau da suka fito daga wannan zubi, da kwana goma na lokacin firji.

Alhamis, 13 ga Maris

Cif na biyu ya shiga. Duk layukan suna haɗe da ƙasa tun daga teburin ɗinki har firji, ban buɗe ko ɗaya ba sai da aka rufe komai.

Talata, 18 ga Maris

Duka ƙofofin suna da rai, alhamdu lillahi. Ɗigon sa-ido na hagu ya kafu, yana nuna tsaunukan nan masu tsini da ake gani duk lokacin da elektiron ɗaya ya ƙaru. Ana ajiye shi ne a gangaren tsauni ɗaya, inda motsin caji kaɗan a kusa zai sauya amsarsa sosai. Igiyar rediyo muke aika masa, mu auna abin da ya dawo.

Sai dai tsaunukan suna rawa. Da na duba irin rawar sai na ga bugun wutar layi ne, sau 50 a sakan, da ninkinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Na yini ina zare wayoyin kayan aiki ɗaya ɗaya, har na iske wata wayar kwamfuta da ta haɗa jikin firji da ƙasa ta hanya ta biyu, ta rufe da'ira. Na sa mata marabi mai aiki da haske. Rawar ta ragu ƙwarai, zafin elektiron da na auna daga faɗin layin caji ya sauko daga wajen milikelbin 200 zuwa 110. Elektiron kullum ya fi firjin zafi, saboda wayoyin da ke sauko masa daga ɗaki suna ɗauke da hayaniya komai tacewar da aka yi musu.

Juma'a, 21 ga Maris

Kwana uku ina abu ɗaya: in bar elektiron ɗaya a kowane ɗigo. Na ɗigo na farko bai ba ni wahala ba. Ana rage wutar ƙofarsa a hankali, mai sa-ido na nuna tsalle duk sa'ad da elektiron ya fita, har a kai inda babu sauran tsalle. Nan ɗigo ya zama wayam, sai a koma baya taki ɗaya. Na biyu ma haka, taswirar cajinsu ta fito kamar saƙar zuma.

Da na taɓa na uku sai na farko ya zubar da elektiron ɗinsa. Na gyara na farko, na biyu ya ɗauki ƙari. Na gyara na biyu, shingen da ke tsakanin na biyu da na uku ya toshe, mai sa-ido kuma ya zame daga gangarensa ya daina ji. A nan na fahimci cewa kiran da muke yi, ƙofar ɗigo kaza, suna ne kawai. Tazarar ɗigo da ɗigo nanomita 90 ce, ƙofar kuma tana nanomita 30 a sama. Filin lantarkinta bai san iyaka ba. A aunawata, idan na ƙara wa ƙofar ɗigo na biyu milibolt 10, ɗigo na farko da na uku kowanne yana jin kusan huɗu, na huɗu yana jin ɗaya. Ƙofofin shinge ma suna ƙara wa ɗigo zurfi, alhali ba don haka aka sa su ba.

Maganin da kowa ke amfani da shi shi ne ƙofofin lissafi. Ana auna yadda kowace ƙofa ke taɓa kowane ɗigo, a cika jadawali, a juya jadawalin a lissafi. Daga nan idan na ce wa manhaja a ƙara wa ɗigo na biyu zurfi, ita ce za ta ƙara wa ƙofarsa, ta rage wa maƙwabta daidai gwargwado, ta kuma riƙe mai sa-ido a wurinsa. Akwai shirin da ke cika jadawalin da kansa, abokin aikina ya ce in yi amfani da shi in huta. Na ƙi, na auna gangaren kowane layi da hannu. Ba don ina ƙin shirin ba, zan koma kansa, amma ina so idona ya san yadda layi mai kyau yake kafin in miƙa wa na'ura hukunci. Da ban yi haka ba da ban lura ba cewa jadawalin ba ya zama daram. Yana aiki ne a kusa da inda aka auna shi kaɗai. Ka matsa da milibolt 50, ɗigon ya ɗan gusa daga wurinsa, lambobin sun tsufa.

Ƙarfe tara na dare na samu ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Na adana dukan lambobin a wuri biyu.

Litinin, 24 ga Maris

Na kunna babban maganaɗisu a hankali zuwa tesla 0.45. Tsarin caji bai motsa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Karatun sifin. Mai sa-ido caji yake ji, ba ya jin sifin, don haka dole a mayar da tambayar sifin ta zama ta caji. Na bi hanyar da Elzerman da abokan aikinsa suka nuna a Delft ta ƙasar Holan a 2004. A cikin filin maganaɗisu sifin mai kallon sama ya fi mai kallon ƙasa kuzari kaɗan. Sai a daidaita zurfin ɗigo yadda matakin tafkin zai faɗo a tsakiyar biyun. Idan elektiron na sama ne, zai fice zuwa tafki, wani mai kallon ƙasa ya shigo ya maye gurbinsa, mai sa-ido ya ga ɗan ƙyaftawa. Idan na ƙasa ne, shiru.

Ratar da ake wasa a cikinta ƙarama ce ƙwarai. A filin da nake, bambancin kuzarin bai kai maikuro-elektironbolt 70 ba, zafin milikelbin 110 kuma yana daidai da kusan 10. Wato ninki bakwai kacal. Da na bar hayaniyar makon jiya, da mai kallon ƙasa ma ya riƙa tsallakewa yana ba ni ƙarya. Sannan sai an daidaita shingen tafki: in ya yi sako-sako, ƙyaftawar ta fi ƙarfin idon na'ura, in ya yi tsauri, sifin ya gaji da jira ya kwanta ƙasa kafin ya fita.

Da la'asar na ga ƙyaftawar farko a allo, ɗan tudu mai faɗin kusan maikurosakan 100 a kan layi miƙaƙƙe. Elektiron ɗaya ne ya fita, ɗaya ya shigo. Na daɗe ina kallonta.

Ɗigo na biyu da na uku ba su da tafki a gefensu. Su sai an karanta na bakin layi, a bar shi wayam, a turo na ciki zuwa cikinsa a karanta.

Laraba, 2 ga Afrilu

An samu kyubit na farko.

Sifin na elektiron yana amsa bugun da ya dace da shi kaɗai, kimanin gigahaz 28 a kowace tesla. A saman ƙofofinmu akwai ɗan ƙaramin maganaɗisun kobalt, dabarar da rukunin Seigo Tarucha na Japan ya nuna a 2008. Aiki biyu yake yi. Na ɗaya, filinsa ba ɗaya ba ne ko'ina, don haka idan aka girgiza elektiron da maikurowef ta wata ƙofa, yana kai-kawo cikin filin da ke sauyawa, sifin ɗinsa ya juya. Na biyu, yana ba kowane ɗigo firikwensinsa daban, wato saurin bugun da yake amsawa, yadda za a kira ɗaya ba tare da sauran sun amsa ba.

Matsalar ita ce ban san ainihin abin da kobalt ɗin ya ƙara ba. Faɗin wurin nema ɗaruruwan megahaz ne, layin da nake nema kuwa bai kai faɗin megahaz ɗaya ba. Kwana biyu na ɓata ina bi taki-taki. Jiya na sauya dabara, na riƙa share zango mai faɗin megahaz 20 a bugu ɗaya, wanda ke kifar da sifin muddin firikwensinsa na cikin zangon. Cikin awa biyu ya fito a gigahaz 16.42. Na ƙara tsawon bugun kaɗan kaɗan, sai ga sifin na hawa yana sauka, sau miliyan uku a sakan, har zagaye fiye da ashirin kafin ya dushe.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Kyubit na biyu a 16.51. Tazarar megahaz 90 ta wadatar.

Na auna tsawon lokacin da sifin ke riƙe haɗin sama da ƙasa idan an bar shi: maikurosakan 9 a na farko, 7 a na biyu. Idan aka kifar da shi a tsakiyar jira, yadda ɓatan rabin farko zai warware a rabi na biyu, yana wuce 100. Duk wanda ya san tarihin fagen nan zai ga darajar waɗannan lambobi. A gwajin da Petta da abokansa suka yi a Harvard a 2005 da galiyom-asenaid, abin nanosakan 10 ne, domin kowace ƙwayar zarra ta galiyom da ta asenik tana da nata sifin, elektiron na zaune cikin dubban ɗaruruwan ƙananan maganaɗisai masu motsi. Silikon na yau da kullum kashi 4.7 cikin ɗari ne kawai nasa ke da sifin, wato silikon-29. Namu an tace shi, silikon-28 ne, saura kashi 800 cikin miliyan. Abin da ya rage yana damunmu yanzu hayaniyar caji ce: tana ɗan gusar da ɗigon, kobalt ɗin da ya ba mu hanyar juya sifin shi ne kuma ke mayar da wannan gusawa ta zama sauyin firikwensi.

Talata, 8 ga Afrilu

Ɗigo na uku ya ƙi. Na sami firikwensinsa, amma alamar ba ta da ƙarfi, kuma idan na ɗora sifin a sama na jira, kafin milisakan ɗaya ya faɗo. Sauran suna riƙewa ɗaruruwan milisakan.

Na fara zargin turawar da nake yi masa zuwa ɗigo na huɗu. Na rage saurinta, na ƙara, babu bambanci. Sai na koma kan abin da tun farko nake tsoro, wato kwari. A silikon elektiron yana da wurare shida masu kuzari ɗaya da zai iya zama, ana ce musu kwaruruka. Matsin da faifan ke ciki yana kawar da huɗu. Biyun da suka rage kaifin iyakar silikon da silikon-jameniyom ne ke raba su, ratar kuma ta danganta da yadda ƙwayoyin jameniyom suka faɗo a daidai wurin da ɗigon yake. Ba mai iya tsara wannan ƙwaya-ƙwaya. Na auna ta hanyar bin layin shigar elektiron na biyu ina sauya filin maganaɗisu, inda layin ya karye nan ratar take. Ɗigo na farko maikuro-elektironbolt 140, na biyu 160, na uku 70. Saba'in ɗin nan ta faɗo daidai kan bambancin kuzarin sifin. Idan biyun suka haɗu, sifin da kwari suna cakuɗewa, sifin ya sami hanyar gangarowa da sauri.

Idan na rage filin, karatun sifin zai lalace, domin ninki bakwai ɗin nan zai koma biyar da wani abu. Idan na ƙara shi sosai, firikwensi zai haura gigahaz 20, injin maikurowef ɗinmu kuma nan ya tsaya. Gaba kura, baya sayaki. Hanya ta uku na bi: na tura ɗigon gefe da wutar ƙofar da ke kare bayansa, ko zai sauka a wuri mai sa'a. Bayan milibolt 60 ratar ta hau 95, sifin ya koma riƙewa milisakan 40. Amma ɗigon ya yi nisa da na huɗu, shingensu ya yi kauri, jadawalin ƙofofin lissafi kuma ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Kwana biyu zan sake ina aunawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Cikin dare wani caji ya yi tsalle a cikin oksid, komai ya gusa da milibolt 3. Aunawar dare duka ta tafi. Na rubuta ɗan shiri da ke duba matsayin karatu da firikwensin kowane kyubit duk minti 20 ya gyara.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na haɗa kyubit na farko da na biyu. Idan aka sassauta shingen da ke tsakaninsu, elektiron biyun suna ɗan shiga juna, sai hulɗar da ake kira musaya ta kunnu: firikwensin kowanne ya danganta da inda ɗan'uwansa ya fuskanta. A taswira abin yana da kyawun gani, layi ɗaya ya tsage biyu. Ƙarfin musayar ba a hankali yake hawa ba, ninkawa yake yi. A nan duk milibolt 12 yana ninka kansa, don haka hayaniya kaɗan a kan shinge ba kaɗan ba ce a wurinsa. Na bi hanyar da rukunin cibiyar bincike ta HRL a Amurka da na Kopenhagen suka nuna a 2016: a bar zurfin ɗigo biyun daidai wa daida, shinge kaɗai za a taɓa, domin a nan ne musaya ba ta cika jin ƙaramin karkata ba. Wannan ma ba ya yiwuwa sai ƙofar lissafi ta shinge tana da kyau, in ba haka ba kana sassauta shinge kana karkatar da ɗigo ba ka sani ba. A musayar megahaz 5, nanosakan 100 ya isa kyubit ɗaya ya juya wa ɗayan fuska bisa sharaɗi.

Sai wata sabuwa ta ɓullo. Firikwensin da na daidaita da safe daidai yake idan gwajin gajere ne. Idan jerin bugun ya yi tsawo sai ya kauce da kusan kilohaz 300, ko da bugun ba na wannan kyubit ba ne. Na kira na biyu, na farko ya gusa. Maikurowef ɗin yana ɗumama wani abu a cikin na'urar. Ba ni kaɗai na gamu da wannan ba. Rukunin Lieven Vandersypen a Delft sun ba da rahoto a 2023 cewa idan aka bar firjin a milikelbin 200 maimakon can ƙasa, kaucewar tana raguwa sosai, kyubit kuma bai yi asarar kirki ba. Amma ni karatuna da sanyi ya dogara. A 200 ninkin da nake da shi zai koma huɗu.

A yanzu na sa wani bugun share fage, wanda bai dace da firikwensin kowa ba, yana ɗumama na'urar kafin kowane gwaji ya fara. Kaucewar ta ragu zuwa ƙasa da kilohaz 80. Faci ne, amma yana riƙewa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Gwajin inganci. Ana jera ayyuka barkatai masu yawa, a ƙarshe a sa wanda zai mayar da kyubit inda ya taso, a ga sau nawa yake komawa yayin da jerin ke ƙara tsawo. Kyubit na farko shi kaɗai ya ba da kashi 99.8 cikin ɗari, na biyu 99.7. Da na juya su lokaci guda, kowanne ya sauko wajen 99.3. Aikin haɗin biyun 97 da ɗan kai.

Wannan faɗuwar ta lokaci guda ta fi tsaya mini a rai fiye da 97 ɗin. Kyubit ɗaya a cikin ɗaki shiru ba shi ne abin da ake nema ba. A kwamfuta ta gaske duk maƙwabta suna aiki a lokaci guda, lambar da ta dace a faɗa ita ce wadda aka auna cikin wannan hali. Ina ganin duk mai ba da rahoton jeri ya kamata ya kawo lambobin biyu.

Don in san inda nake: a Janairun 2022 rukuni uku, na Delft, na cibiyar bincike ta RIKEN a Japan, da na Jami'ar New South Wales a Ostireliya, suka wuce kashi 99 a aikin kyubit biyu cikin silikon, na ƙarshen da ƙwayoyin fosfaras da aka dasa. Ana kallon 99 ne saboda fitacciyar hanyar gyaran kuskure ta kwantum tana fara amfani idan kuskure ya sauka ƙasa da kusan kashi ɗaya. A shekarar dai Delft suka sarrafa kyubit shida a jere. Nawa kuskuren ya ninka abin da ake so sau uku, a kan biyu kacal cikin huɗu.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na kai wa Farfesa sakamakon. Abin da aka samu: elektiron ɗaya a kowane ɗigo, kyubit huɗu duka suna juyawa, na huɗu a 16.70, haɗin na farko da na biyu yana aiki. Abin da ba a samu ba: haɗin na biyu da na uku yana da rauni, na uku da na huɗu babu shi sam tun da na tura ɗigon gefe. Lokacin da ya tafi mako takwas ne, na'ura ɗaya ta mutu, uku na cikin akwati.

Na ce mata ina ganin a fitar da wannan a sa wata, ko ɗigo na uku zai fi sa'a. Ta ce, "Kada ka ɗumama firjin nan. Wadda za ka sa ma da nata ɗigon mai taurin kai za ta zo. Koyi zama da wannan tukuna." Na ce, "To, ranki ya daɗe." Da na koma na yi tunani na ga gaskiyarta. Intel sun fitar da cif mai kyubit 12 a 2023, Tunnel Falls, daga layin masana'anta mai faifan milimita 300, a Delft kuma an yi jerin ɗigo 16 a jameniyom inda ɗigo da yawa ke tarayya a waya ɗaya. Duka biyun suna neman ɗigo su zama iri ɗaya ne, domin mutum ɗaya ba zai yi wa ɗigo dubu abin da na yi wa huɗu cikin wata biyu ba, firji ma ba zai ɗauki waya biyu don kowane ɗigo ba. Kafin a kai can, dole manhaja ta iya gane ɗigo irin nawa na uku ta lallaɓa shi da kanta, ba kuwa za ta iya ba sai wani ya rubuta mata abin da ya gani.

Shirin Mayu ke nan. Zan bar karatu ta tafki in koma na toshewar Pauli, inda ake tura elektiron ɗaya cikin ɗigon maƙwabcinsa: idan sifin biyun sun fuskanci wuri ɗaya ba zai shiga ba, idan sun saɓa zai iya shiga. Wannan bai dogara da sanyin tafki ba, sai dai yana buƙatar ratar kwari mai kyau, don haka da na farko da na biyu zan fara. Idan ya kafu sai in ɗaga firjin zuwa 200 in ga ko kaucewar za ta tafi. Zan kuma sa shirin cika jadawali ya riƙa sabunta kansa duk lokacin da aka matsa fiye da milibolt 20, in gwada amsarsa da lambobin da na auna da hannu ranar 21 ga Maris da bayan 8 ga Afrilu. Ɗigo na uku zan dawo da shi baya taki-taki, milibolt biyar biyar, ina auna ratar kwari da musayarsa da na huɗu a kowane taki, ko akwai wurin da duka biyun za su ishe ni.

Gobe da safe, in sha Allah, zan fara da neman kusurwar taswirar inda elektiron biyu ke haɗuwa a ɗigo na farko.